Buhu Ɗaya Muke Ci da Su: Abincin Dabbobin Gida da Jinyarsu a Moduganari

A gidajen Moduganari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, akwai maganar da ake furtawa kullum ba tare da an tsaya an auna ta ba: "Kada a zubar, a ba dabbobi." Tuwon da ya kwana biyu har ya fara yauƙi, a tura wa kare. Masarar gindin buhu da ta dunƙule ta yi kore-kore, a watsa wa tantabaru da kaji. Ƙuli-ƙulin da ya yi ɗaci a baki, a jiƙa shi da dusa a ba rago. Kan kifi banda da ya fara wari kuwa rabon mage ne. Niyyar mai kyau ce, domin an tashe mu a kan cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, kuma a garin da ya ga yunwa da gudun hijira ido da ido ba wanda ke son ganin hatsi a bola. Sai dai maganar ta cuɗa abubuwa biyu da suka sha bamban. Akwai abin da mutum ya bari don ba cimarsa ba ne, irin su dusa da harawa da kowar wake, waɗanda abinci ne nagari ga masu cin su. Akwai kuma abin da ya bari don ya lalace, shi kuwa lalataccen abu ba ya gyaruwa don an juye shi daga kwano zuwa kasko. Dabbar gida daga buhunmu take ci, ita ce kuma ke fara faɗuwa idan buhun ya samu matsala. Gidan da ya yi sakaci da abincinta, ko ya ɗauki ciwonta ba a bakin komai ba, ya cuce ta, sannan ya toshe kunnensa daga gargaɗin da ya shafi 'ya'yansa.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun lura agwaginsu na ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a jima ba yara suka fara suma suna mutuwa a Dareta da Yargalma da maƙwabtansu. Da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu bincike suka shigo, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. Agwagin sun riga yaran ne saboda bakinsu kullum a ƙasa yake, cikin ƙurar da yaran ke rarrafe a kai. Haka ya faru a garin Minamata na ƙasar Japan: tun farkon shekarun 1950 kyanwoyin masunta ke juyi kamar masu farfaɗiya suna faɗawa teku, kafin a tabbatar da cutar a jikin mutane a 1956, daga baya a gano cewa wata masana'anta ce ke zuba sinadarin zaiba a ruwan da ake kamun kifi. Dalilin da ya sa dabba ke rigan mutum ba ɓoyayye ba ne. Jikinta ƙarami ne, guba kaɗan ta ishe ta. Abu ɗaya take ci safe da yamma, ba kamar mu da ke sauya cima ba. Kuma ɓangaren da ya fi muni shi muke ware mata.

Gubar da ta fi cancantar a san ta a ƙasar masara da gyaɗa ita ce wadda fumfuna ke haifarwa, masana na kiran ta aflatoksin. Ta hanyar dabbobi aka gano ta ita ma. A 1960, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil a cikin abincinsu, a cikinta kuma akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus. Wannan guba hanta take nufa. Idan ta yi yawa, cikin kwanaki dabba za ta daina cin abinci, ta yi laushi, ta riƙa amai, fararen idonta da dasashinta su koma rawaya irin na mai shawara, wani lokaci jini ya ɓalle mata a ciki. Idan kaɗan-kaɗan take shiga, sai dabbar ta riƙa ramewa, kaji su rage ƙwai, kowace cuta ta samu hanyar kama su. Kare na cikin dabbobin da ba sa jure mata ko kaɗan. Abubuwa uku ne suka sa ta zama abin tsoro: dafuwa irin ta gida ba ta kashe ta, ba ta da makari sai dai a tallafi hantar ko za ta farfaɗo, kuma tana iya kasancewa a hatsin da ido ke gani tas. Akuya ko saniyar da ta ci tana fitar da wani kaso a nononta, nonon kuwa cikin yara yake tafiya. A jikin mutum an tabbatar tana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da aka adana da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu.

Wani zai ce Borno ƙasar rani ce, ina fumfuna za ta samu danshin da za ta yaɗu? Amsar ita ce wannan fumfuna tana son zafi, kuma tun a gona take kama gyaɗa da masara idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya. Sauran aikin kuma ɗakin ajiya ne ke ƙarasa shi: buhu a kan siminti, jingine da bango, a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo a watan Agusta. Ba kuma duk hatsin kasuwar Monday ko ta Gamboru ne aka noma a nan ba. Wani daga yankunan da suka fi mu ruwa aka ɗauko shi. Ga kuma abin da ba mai mantawa da shi: ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga shaguna da ɗakunan ajiya, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya rasa mafi yawan dabbobinsa. Ko ina aka yi irin wannan, tunanin farko da ke zuwa wa mai jiƙaƙƙen buhu shi ne ya shanya shi, wanda ya yi kyau a ci, wanda bai yi ba a mayar da shi abincin dabbobi. Ba zan zargi wanda ya yi asarar jarinsa da wannan tunani ba, amma rana tana busar da ruwa ne kawai, gubar da ta riga ta samu tana nan. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan sun samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta, sai dai wannan aikin manomi ne. Aikin mai saye shi ne ya tsince ƙwayar da ta motse ko ta sauya launi ya binne ta, ya ɗora buhu a kan katako, ya kuma sayi dusar da zai ƙarar cikin 'yan makonni maimakon tara ta watanni.

Hanya ta biyu da guba ke shiga kaskon dabba ita ce maganin ƙwari. Maiduguri gari ne na kifi, kasuwar hanyar Baga kuma sananniya ce a duk faɗin Najeriya wajen bandar da ake kawowa daga Tafkin Chadi. Busasshen kifi da wake suna da maƙiyi ɗaya, wato ƙwaro, kuma an daɗe ana kokawa da yadda wasu masu ajiya ke yayyafa musu fiya-fiya ko Sniper don kare jarinsu. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin irin waɗannan magunguna, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Ba kowane ɗan kasuwa ke yin haka ba, da yawa suna tsoron Allah a sana'arsu. Amma a duba yadda ake rabon kifin a gida. Uwargida za ta wanke shi da ruwan zafi, ta ɓare, ta dafa. Kai da fata da garin da ya taru a gindin kwali, inda maganin ya fi zama, su ake miƙa wa mage ba wanki ba dafuwa. Magen da ta fara dalalar da yawu, jikinta na karkarwa, ƙwayar idonta ta tsuke, tana amai da gudawa jim kaɗan bayan ta ci, tana ba da labarin abin da ke cikin miyar gidan ne. Shinkafar ɓera kuma ta fi yaudara, domin wasu nau'o'inta hana jini daskarewa suke yi, alamarsu ba ta bayyana sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da kowa ya manta an zuba magani a bayan buhu.

Daga nan mai hali zai iya cewa mafita ita ce a bar ragowar abinci a koma na kamfani, wanda ke zuwa a leda ko gwangwani da hoton kare mai sheƙi. Abincin kamfani nagari yana da amfaninsa, domin an auna abin da jikin dabba ke bukata. Amma leda ba ta ba da tabbacin komai. A watan Maris na 2007 kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da fakiti kusan miliyan 60 daga kasuwa, bayan karnuka da kyanwoyi a Amurka sun fara mutuwa da ciwon ƙoda. An gano cewa a cikin garin alkamar da aka sayo daga Sin an zuba melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi, don ya ruɗi awon da ake yi na sinadarin gina jiki. Shekara guda bayan haka, a 2008, wannan sinadari ya bayyana a madarar jarirai a ƙasar Sin, yara kusan 300,000 suka kamu, hukuma ta tabbatar da mutuwar shida. Dabbobi sun ba da gargaɗin shekara guda cur, ba a ɗauka ba. A ƙarshen 2020 kuma aflatoksin ɗin nan dai ta ɓulla a abincin karnuka mai suna Sportmix. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta danganta mutuwar dabbobi fiye da 130 da kayan kamfanin, ta kuma samu kashi 558 cikin biliyan a wani samfur, alhali iyakarta kashi 20 ne. Idan haka ta faru inda ake da ɗakunan gwaji da dokar janye kaya, sai a yi tunanin buhun da ya yi makonni a tashar jirgin ruwa, ya hau tirela daga Legas zuwa Maiduguri, ya zauna a shago cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sannan aka farke shi ana aunawa a ƙulle a farar leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Wanda zai saya ya sayi rufaffe, ya karanta kwanan wata, ya shinshina, ya kuma adana ledar har abincin ya ƙare, domin lambar da ke jikinta ce kaɗai hanyar bin sawu idan wani abu ya faru.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce dabbobinmu na gida ƙarfi gare su, tun kaka da kakanni ragowa suke ci ba abin da ya same su. Akwai gaskiya a ciki: karen gida ya fi na waje jure zafi da kaska. Amma hantarsa hanta ce irin ta kowane kare. Waɗanda muke gani suna yawo su ne suka tsira, waɗanda suka shige bayan gida suka mutu ba wanda ya ƙirga su, sai a ce an yi musu sammu ko maƙwabci ya sa musu guba, a ɓata zumunci a banza. Rumbun kakanninmu kuma toka da ganyaye ya sani, bai san fiya-fiya ba. Ko ragowar da ba ta lalace ba ma tana bukatar lura, domin miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare, ɗanye ko dafaffe. Goro da cakulan suna hargitsa musu bugun zuciya. Madarar da ake ganin gata ce ga mage, yawancin manyansu gudawa take sa su. Mage dai maciyar nama ce ta asali. Akwai sinadarin taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai ta samu a nama ko kifi, rashinsa na jawo makanta, kuma a 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya suka nuna yana kumbura mata zuciya. Magen da aka tsare a ɗaki da tuwo zalla, ba ta fita farautar ɓera, tana cikin yunwa ko da cikinta ya cika. Ɗan dafaffen kifi da aka wanke, ko kayan ciki daga kwata da aka tafasa ba albasa, ya wadatar. Mushen kaza kuwa bai kamata ya shiga kaskon kowa ba, domin murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a 2006, tana kashe kyanwoyin da suka ci naman da ya kamu.

Inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne wajen jinya. Dabba ta kwanta, tausayi ya kama mai gida, sai ya aiki yaro kemis. Parasitamol, wanda muke ba jariri ba fargaba, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage, saboda hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi. Fuskarta za ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagare ta. Ibufurofen da dikilofenak suna gyambatar da cikin kare su lalata masa ƙoda. Wankan kaska da Sniper kisa ne, maganin ƙuma da aka yi don kare ma yana iya sa mage farfaɗiya. Ɗura wa dabbar da ke karkarwa manja ko madara don su "kashe dafi" yakan tura su cikin huhu, ciwo ya zama biyu. Abin takaicin shi ne yawancin waɗannan gubobi suna da makari a hannun likitan dabbobi idan an kai da wuri: akwai allurar da ke warware fiya-fiya, akwai bitamin K ga shinkafar ɓera, har parasitamol ɗin ma akwai nasa. Awannin da aka ɓata ana gwaje-gwaje a tsakar gida su ne ke raba mai tashi da marar tashi.

Abin da gida zai iya yi ba kaɗan ba ne, kuma ba ya cin kuɗi. A janye abincin da ake zargi nan take, a ware marar lafiyar daga sauran dabbobi da yara, a kwantar da ita a inuwa mai iska, a ajiye mata ruwa mai tsabta. Idan tana iya haɗiya, a riƙa ɗiga mata ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Idan ba ta iya ba, kada a tilasta. A riƙe a ka lokacin da abin ya fara, me ta ci, kalar amai da kashinta, domin dabba ba ta magana, bayanin mai ita shi ne rabin aikin likita. Kwikwiyo mai gudawar jini, mage da ta kwana biyu ba ta ci ba, ido ya yi rawaya, fitsari ya tsaya, ko karkarwa, duk waɗannan ba na jira a ga gobe ba ne. Akwai kuma wurin da tausayi dole ya tsaya daga nesa. Karen da ya sauya hali, yana dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, domin haka haukan kare ke bayyana, cutar da ke kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, kuma da zarar alamarta ta fito a jikin mutum sai dai addu'a. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi, wadda ke Vom tun 1924, tana yin rigakafin wannan cuta, kuma allurar kare sau ɗaya a shekara ba ta kai kuɗin jerin alluran mutum ɗaya da aka ciza ba.

Saura magana mafi nauyi, wadda ban raina ta ba. A jihar da yara ke kwance a cibiyoyin tamowa, inda magidanci ke fita da safe bai san abin da za a ɗora a wuta ba, ina ma'anar surutu a kan mage da tantabara? Da abin da ake nema shi ne a cire daga bakin yaro a ba kare, da mai wannan tambaya ya yi gaskiya. Amma kusan duk abin da aka ambata hani ne, ba kashe kuɗi ba: kada a ba da ruɓaɓɓe, kada a ba da maganin mutane, kada a yi wanka da maganin ƙwari. Talaka ne ma ya fi asara idan aka yi sakaci, domin tantabarunsa da kajinsa da ragon da yake kiwo don Sallah su ne asusunsa, magensa ce ke tsare masa hatsi daga ɓera, kuma shi ne ya fi sayen hatsi mai araha wanda aka fi samun matsala a cikinsa. Addini ma bai bar mu da zaɓi ba. Kowane ɗalibin islamiyya ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, duka a Bukhari da Muslim. Dabbar da ka ajiye a gidanka ka hana ta neman na kanta, saboda haka abin da ya shiga cikinta yana wuyanka.

Gaskiya ne zuwa wurin likita yana da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ɗaukar kare marar lafiya a keke napep ba abu ne mai sauƙi ba. Duk da haka mutanen Moduganari sun fi na garuruwa da yawa sa'a, domin Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta, gwamnatin jiha ma tana da asibitin dabbobi a cikin gari. Abin da ya kamata waɗannan wurare su ƙara shi ne su zama inda ake tattara labari, ta yadda idan gidaje uku a layi ɗaya suka kawo dabbobi masu shawara a mako guda, wani zai tambayi inda suka sayi dusa. Kafin a kai ga haka, idan dabba ta mutu farat ɗaya, ko tantabaru suka fara zubewa, a ɗebi kaɗan daga abincin a ƙulle a leda a kai wa likita tare da kwalin duk maganin da aka yi amfani da shi a gidan. A binne gawar da zurfi, kada a jefa ta a kwalbati inda wasu karnuka za su ci. Ragowar buhun kada a sayar, kada a bayar sadaka. A sanar da wanda aka saya a wurinsa da maƙwabtan da suka auna a shago ɗaya, sannan uwargida ta duba ko garin tuwon daren nan da kunun yara daga wannan buhun aka niƙo su.